Daren Shida

Gobe suna.
An surfe gero, rago na kuka a bayan ɗaki.
Ɗiyata Rahila ta jingina da bango,
jaririya a cinya, salula a hannu,
tana jero mini sunaye kamar mai tallan atamfa:
Inna, ji wannan, Afnan, rassan itace ke nan.
Ga Nihal. Ga Sidra,
wai magarya ce, amma ta can sama.
Na ce magarya dai?
Ai mun baro ta a bayan gida a Jiratawa,
awaki sun gama da ita.
Ta yi dariya har jinjirar ta motsa.

Ni Ayashe aka raɗa mini.
Kar ki gyara, ba A'isha ba ce.
Mushenmu na lakkwal ɗin Mokoyo ya gyara,
ya rubuta Aishe a kaye da jan bik,
na shekara shida ina amsa kiran wata.

Huɗu uwata ta binne kafin ni,
ba wanda ya ga ranar yaye.
Da na faɗo, ungozoma ta sunkuce ni
ta aza bisa juji,
tsakanin toka da ɓawon gyaɗa,
ta ɗaga murya don mutuwa ta ji:
a yashe ta, ba mai so!
Wayo ne na tsofaffi.
Ɓarawo ba ya duƙawa kan abin da aka zubar.
Ga ni nan, sittin da bakwai,
da sauran haƙoran tauna goro.

Sa'o'ina ma haka.
Abarta, wadda sunanta roƙo ne ba a idar ba.
Barmini mai ƙosai ta bakin tasha,
uwarta ba ta bi ta kan kowa ba,
Allah ta yi wa magana kai tsaye.
Kande ta biyo maza biyar,
ta tashi ta fi su iya faɗa.
Marka ta zo a daren da gulbi ya kawo,
ya cinye albasar fadama,
har gobe in an tambayi shekarunta
sai ta ce ku tambayi ruwa.
Yatsohi kuwa, ubanta da furfura ya tarbe ta,
bai kai ga jin ta ce Baba ba.

Ka ji sunan mace a lokacin,
ka san kukan da aka yi a gidansu,
ko abin da ke cikin rumbu.

Rahila ta ce, Inna, wa zai yashe ɗiya yanzu?
Akwai awo, akwai allura, akwai likita.
Gaskiyarta.
Ni na raka ta awon, a bayan kabu-kabu,
ina riƙe da zanena da hannu guda.
Sai dai na ƙirga abin da ba ta so a ƙirga:
shekara tara tana jira,
ciki biyu sun zube,
na uku mun gan shi, mun wanke shi,
ba a yanka masa rago ba.

Ban faɗa ba. Na karɓi jaririyar.
Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba.

To, gobe da asuba liman ya raɗa Sidra.
Na yarda, suna ne mai inuwa,
kuma a rubuta shi daidai a takardar meri,
kada wani mai jan bik ya taɓa shi.
Amma in na goya ta zuwa kasuwa,
in na ji numfashinta a tsakar bayana,
da wani suna zan kira ta, a hankali.

Na gwada shi yanzu a kunnenta:
Barmini.

Rahila ta ji.
Na jira ta ce Inna ke kam.
Ba ta ce ba.
Ta kifa salular bisa tabarma,
ta matso, ta gyara wa yarinyar hula.